Lambun Gwaggo a Saman Bene: Daga Gusau zuwa Birnin Kebbi

A ƙarshen watan Disamba, lokacin da hunturu ya kankama, na tashi daga Gusau zuwa Birnin Kebbi domin in ga lambun da ƙanwar mahaifina ta kafa a saman gidanta. Shekara uku ke nan rabonmu da gonarmu ta gado saboda rashin tsaro, kuma gidan da a da bai san sayen kayan miya ba, yanzu kullum sai an aiki yaro kasuwa da kuɗin tumatir da attaruhu. Da na kai wa Gwaggo wannan kuka a waya, ba ta ja magana ba, ta ce in zo in ga inda take tsinko nata, kuma in biyo ta Aliero in riƙo mata dashen albasa.

Mun bar tasha bayan hantsi, muka wuce Talata Mafara, inda ruwan madatsar Bakalori ke raya noman rani, muka isa Sakkwato da azahar. Saboda saƙon Gwaggo na bar motar Argungu na shiga ta Jega, wadda ta fi zagaye. A Aliero, garin da sunansa ya bi albasa har kasuwannin kudu, direba ya yi mini alfarmar tsayawa, na sayi ɗauri biyu na dashe na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma. Sai bayan magariba muka ratsa Kalgo muka shiga Birnin Kebbi.

Da asuba, bayan mun gaisa ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, Gwaggo ta ɗauki buta ta shige gaba, na bi ta a matattakala. Abin da na tarar ya fi abin da na zata tsari, ko da yake bai kai shi yawa ba. Buhuna ne da tsofaffin bokitai da jarkokin da aka yanke, an jera su a gefe-gefe, tsakiyar rufin kuwa fayau, babu komai sai tabarmar da take shanya kuɓewa. Na tambaye ta dalilin barin wannan fili haka, alhali zai ɗauki buhu talatin ko fiye. Ta ce, "Ɗana, wanda zai yi noma a sama, nauyi zai fara lissafawa kafin iri." Kafin ta hau da ko kwano ɗaya na ƙasa, sai da ta kira injiniya ya duba kankaren, ya nuna mata inda ginshiƙai da bangaye suke daga ƙasa, ya ce a nan kaɗai za ta ɗora kaya masu nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tankinta mai cin lita 1,000 tan guda ne cur idan ya cika, kuma buhun ƙasa yana ƙara nauyi sosai da zarar ya sha ruwa. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin na san mutane da yawa da za su kwaikwayi lambun ba tare da sun kwaikwayi wannan taka-tsantsan ba. Ta kuma ja mini kunne cewa soron ƙasa mai azara ba wurin wannan aiki ba ne ko kaɗan.

A kan ƙasar shukar muka fi daɗewa. Na tsoma hannu a buhu ɗaya na ji ta sakayau, ba ta danƙare kamar lakar fadama ba. Gwaggo tana haɗa turɓaya da ruɓaɓɓen kashin awaki da buntun shinkafa, wanda take turarawa a wuta har ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba. A jihar da shinkafa ta zama abin tinƙahonta, buntu tuli yake a bayan injinan casa, kuma shi ne yake rage wa ƙasar nauyi, ya bar iska ta kai ga saiwa. Ɗanyen taki kuwa ba ya hawa benenta, domin ya taɓa ƙone mata alayyafo a shekarar farko. Kowane buhu an huda gindinsa, an ɗora shi a kan katako da bulo, ta yadda ruwan da ya tsiyaye zai gangara indararo maimakon ya kwanta a kan kankare ya sa ɗakin ƙasa yoyo. Duk Juma'a tana share bakin indararon da kanta.

Ruwa shi ne wahalar da ba ta ɓoye mini ba. A hunturu ban-ruwa sau ɗaya da safe yana isa, amma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma kankare ke ɗaukar zafi kamar tanda, sai safe da yamma, tare da rumfar zana da ke tare ranar la'asar da ciyawar da take rufe bakin buhunan da ita. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ba a zubar da su a gidan, ana tara su a baho a hau da su, amma ruwan sabulu ba ya kusantar shuka. A bazara takan haƙura da tumatir da latas, ta koma kan yakuwa da rama da kuɓewa waɗanda suka saba da ranar ƙasarmu. A ganina wannan haƙurin shi ya raya lambun har yau.

Ta ɗaga ganyen tumatir ta nuna mini ƙarƙashinsa, inda take duba tsutsar nan mai rarake ganye da ta halaka gonakin tumatir a Arewa a 2016. Ganyen da ya kamu tana tsinke shi ta ƙone, sauran kuma ta fesa musu ruwan 'ya'yan dogon yaro da aka daka aka jiƙa ya kwana, kuma da yamma take feshin, bayan rana ta yi sanyi.

Kafin rana ta yi zafi muka dasa albasar Aliero a jarkoki shida, ita tana huda ramin da yatsa, ni ina sakawa ina danne gindin. Miyar da muka ci da tuwon shinkafa a ranar, ban da gishiri da mai da daddawa, duk daga sama aka sauko da ita.

Na kwana uku, na komo ta hanyar Argungu da rabin buhun buntu da ƙullin irin yakuwa da attaruhu. Tun daga Sakkwato na fara buga waya ina cigiyar maginin da ya zuba kankaren gidanmu, domin Gwaggo ta sa na yi mata alkawari cewa ba zan kwance ƙullin ba sai an nuna mini inda ginshiƙanmu suke.