Zama a Jamus don aikin ƙasusuwan Messel

Wanda ya zo Jamus nazarin ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, kafin ya taɓa dutse ko ɗaya sai ya gama da takardu. Kwana 14 doka ta ba shi daga ranar tarewa ya yi rajistar adireshi a ofishin gari, kuma ba za a saurare shi ba sai da shaidar mai gida a rubuce. Nan mutanenmu ke maƙalewa: a kama ɗakin da mai shi ba ya son sa hannu, sai lambar haraji da izinin zama su tsaya cak. A tambaya kafin a biya ko sisi. Shaguna a rufe suke ranar Lahadi, cefane sai Asabar.

Ramin Messel, inda ake haƙo ƙasusuwan, yana kusa da birnin Darmstadt. Tafki ne a bakin dutse mai aman wuta shekara kusan miliyan 48 da suka wuce, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1995. Dutsensa falle-falle ne, da wuƙa ake tsaga shi. Matsalar ita ce kusan kashi 40 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne. Rana na bugunsa ya bushe, sai ya dare, ƙashin da ke ciki ya farfashe, kuma ba ya gyaruwa. Shi ya sa da an ga alamar ƙashi ake yayyafa ruwa, a naɗe da jiƙaƙƙiyar takarda da leda. A ɗakin bincike a kankare gefe ɗaya da allura, a zuba ƙaron roba ya daskare, a juya, a cire ragowar dutsen ta baya.

Ladan wannan wahala babba ne. Akwai Eurohippus, dangin doki mai girman ƙaramin kare, yatsu huɗu a gaba, uku a baya, haƙoransa gajeru irin na mai cin ganye mai taushi. An samu goɗiya da ɗa a cikinta, an samu jemagu da ƙwarin da suka ci a tumbinsu. Ga kuma kadoji, shaidar cewa kurmi ne mai ɗumi a lokacin. Wanda ya ɗanɗana sanyin Janairu a nan, rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar, da kyar zai gaskata haka.

Ana haƙa ne a watannin ɗumi, lokacin da magariba ke kaiwa tara da rabi na dare. A tanadi takalmin roba mai tsawo, taɓon wurin santsi gare shi.