Takardar da ke manne a bangon tasharmu

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa kayan aikina, bayan shekara biyar ina bayan motar ɗaukar marasa lafiya a Kumasi. Duk wanda ya tare ni a Aboabo yana tambayar dalili, nakan ce karatu zan koma, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai takarda guda da ta daɗe tana ci mini rai, wato jadawalin aiki.

Mu ne waɗanda suka shigo bayan an raba sababbin motoci 307 a watan Janairun 2020, lokacin da tasharmu ta cika da sababbin hannu. Tsarin da muka tarar ba a rubuce yake ba, amma kowa ya san shi. Ƙarshen wata manya ke fara zaɓe. Wanda ya fi daɗewa ya ɗauki safiya, daga Litinin zuwa Alhamis. Abin da ya rage shi ne rabonmu: daren Asabar, ranar da Asante ke bukukuwan jana'iza hanya ta cika, da Kirsimeti, da Ista lokacin da jama'a ke tururuwa zuwa Kwahu. Sallah uku a jere na yi a cikin mota.

Wannan ban taɓa jin haushinsa ba. Mutumin da ya shekara 15 yana ciccibar mutane daga kwata da saman bene, bayansa ya gaji, ya cancanci ya kwana a gidansa. Inda aka yi ɓarna shi ne da aka bar wa manya har da zaɓen abokin tafiya. Babba ya ɗauki babba don sun saba, sai sabo ya tashi da sabo a daren da ya fi kowane dare wuya.

Akwai wani dare da ba na mantawa. Lokacin wata bakwai ina aiki, direbana kuma wata takwas. Wanda ya miƙa mana mota a daren dattijo ne ɗan Zangonmu, sahu ɗaya suke sallah da mahaifina. Ya turo mini littafi ya ce, "Yaro, komai na nan daidai, sa hannu." Na ce, "To, Baba." An koya mana tun a makaranta cewa agogon tukunyar oksijin da idonka za ka duba shi. Na sani sarai. Kunya ce ta hana ni buɗe mota in bincika yana tsaye, kamar ina ƙaryata shi.

Wajen ƙarfe ɗaya aka kira mu wani ƙaramin asibiti a gaba da Ejisu, mu kai wata tsohuwa babban asibitin Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee. Numfashi take da kyar, na'urar yatsa mai auna oksijin a jini tana nuna kashi 84, ya yi ƙasa sosai. Sai da na kai hannu sannan na ga ba babbar tukunyar a mota, an fita da ita ciko tun da rana. Na jona ƙaramar, na sa mata lita 15 a minti. Irin wannan tukunya in a cike take tana ɗaukar kusan lita 680, wato minti 45, ya ishe mu. Ashe kwata ne ya rage a ciki.

Muna kusa da Oduom na ga jakar abin rufe hancin ta lanƙwashe, allurar agogon tukunyar ta kwanta. 'Yar tsohuwar tana riƙe da ƙafar uwarta, ta dube ni ta ce, "Ɗan'uwa, lafiya?" Ban iya amsa mata ba. Na ɗauko jakar matsawa ina taimaka mata da hannu, da iskar da kowa ke shaƙa, wadda oksijin ɗinta kashi 21 ne kacal cikin ɗari. Ina cewa, "Mma, ki daure, mun kusa," leɓunanta suna sauya launi a gabana. Direba ya saki jiniya ya taka mota. Da akwai tsohon hannu ɗaya a cikinmu, da ya kira a tare mu da wata tukunya a Tech Junction, ko ya karkata zuwa asibiti mafi kusa. Mu biyun ba wanda wannan ya faɗo wa.

Allah ya yi da sauran kwananta. Takardar tuhuma kuwa da sunana kaɗai ta fito, tunda sa hannuna ne a littafi. Na karɓi laifina, har yau ban sauke shi ba. Amma ba wanda ya tambayi dattijon me ya sa ya ce komai daidai, ba kuma wanda ya tambayi mai rubuta jadawali yadda aka yi yara biyu suka kwana da mota su kaɗai. Da muka haɗu a masallaci ya dafa kafaɗata ya ce, "Haƙuri, mu ma haka muka koya." Wannan maganar ta fi takardar yi mini ciwo.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Duk abin da aka faɗa maka da baki, a rubuta shi a littafi. Ka ci abinci kafin ƙarfe goma, don waakye ba ya jiran mai aikin dare. In kun yi musanyar Sallah da Kirsimeti da abokin aikinka Kirista, ka cika naka alkawarin ko da zazzaɓi kake.

Tun daga daren nan ban sake karɓar mota ban duba ta ba, ko wa ya miƙo ta, har wasu suka ce ba ni da ladabi. Sau biyu na kai shawara a rubuce cewa manya su ci gaba da zaɓen lokaci, amma kowace mota ta dare ta samu mutum ɗaya da ya haura shekara uku. An ce za a duba.

Ranar da zan tafi na tsaya gaban bangon. Daren Asabar mai zuwa, sunaye biyu ne na yaran da suka zo bana. Na ja ƙaramin cikinsu zuwa bayan mota, na sa ya buɗe tukunyar da hannunsa, ya karanta mini abin da allura ta nuna.