Godiya ga waɗanda suka sauko min da ƙanena daga dutsen Seymour

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, ƙanena yana gida, yana kuma samun sauƙi. Likita ya duba hoton gwiwar ya ce babu karaya, jijiya ce ta ji rauni. An ɗaure, an ba shi sandar dogarawa, an ce ya huta na wasu makonni. Tun ranar Asabar wayata ba ta huta ba, na kasa bin kowa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan, waɗanda suka ji labarin rabi da rabi su ji yadda aka yi, waɗanda suka taimake mu kuma su ji godiyata a bainar jama'a.

Mutanen gida da yawa sun tambaye ni me ya kai mu dutse a cikin wannan sanyi. A nan Vancouver ta Kanada muna da 'yar ƙungiya da ke fita ƙarshen mako da hunturu zuwa duwatsun da ke arewacin gari. Ana ɗaura wa takalmi wani faffaɗan abu kamar faifai, mai haƙoran ƙarfe a ƙasa, don kada ƙafa ta nutse cikin dusar ƙanƙara. Wasunmu tafiya suke yi a hankali, wasu kuma gudu, da irin nasu ƙanana marasa nauyi. Ranar mun bi hanyar Dog Mountain ne, wadda ke tashi daga wurin ajiye motoci na dutsen Seymour ta wuce ta wani ɗan tafki mai suna First Lake, kusan kilomita 5 zuwa da dawowa. Hanya ce da ake kai sababbin shiga, har da yara. Ƙanena bai daɗe da zuwa karatu ba, wannan ne hunturunsa na farko, yana ta murna da ya hango birnin da teku daga saman dutsen.

A hanyar dawowa ne abin ya faru. Wurin ya matse, wasu masu hawowa suka taho, ya ɗan ratse gefe kusa da wata bishiya don ya ba su hanya. Sai ƙasa ta tafi da shi. Irin waɗannan bishiyoyi rassansu na ƙasa suna tare dusar, sai a sami rami a kewayen gindin, samansa a lulluɓe, ba mai gane shi da ido. Wanda ya faɗa da ka yana iya rasa numfashi cikin ɗan lokaci, kuma yawan mutsu-mutsu ƙara nutsar da mutum yake yi. Shi da gefe ya faɗa, ƙafa ɗaya ta murɗe a ƙarƙashinsa, dusar ta zubo ta rufe shi har fuska. Ni ina gaba, ban ga komai ba. Ƙarar usur kawai na ji.

Godiyata ta farko ga dattijon da kullum yake tafiya a ƙarshen layi. Baba, tun da na shiga ƙungiyar nan ban taɓa ganin ka riga kowa isa sama ba, kai ne kullum a baya, kana lissafa kawuna. Kai ka ga inda ya ɓace, kai ka busa usur, kai ka hana mu ruga wa bakin ramin don kada mu ƙara zubo masa dusar. Na ga ka durƙusa ka cire safar hannunka kana share masa baki da hanci da yatsunka tsirara, kana kiran sunansa a hankali har ya amsa. Da na ji muryarsa ya ce "Yaya, ƙafata", ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Allah ya saka maka da mafificin alheri, ya raya maka zuri'a.

Sai shugabar tafiyarmu. Ita ce ke duba hasashen ƙungiyar Avalanche Canada game da zaftarewar dusar ƙanƙara kafin kowace fita, ita ce ke tilasta wa kowa ɗaukar fitilar goshi ko da rana tsaka za a tafi, ita ce ke hana mu sa kayan auduga domin idan suka jiƙe da gumi sanyi suke riƙewa. Ranar ta fito da ƙaramin shebur daga jakarta, ta sa aka haƙa ta gefe har aka zaro shi, ba a finciko shi ta sama ba. Ta shimfiɗa jakunkuna ta zaunar da shi a kai, ta lulluɓe shi da bargon leda mai ƙyalli, ta ɗaure gwiwar. Sannan ta duba agogo. A watan Disamba rana tana faɗuwa a nan jim kaɗan bayan ƙarfe 4, ga hazo ya fara saukowa. Ta ce idan ya kasa taka ƙafar, ba za mu yi gardama da dutse ba, lambar gaggawa ta 911 za ta kira mu zauna inda muke. Natsuwarta ce ta riƙe ni.

Masu gudunmu sun riga sun isa mota, wasu har sun canza kaya. Da saƙo ya same su suka sake ɗaura takalma suka hawo, ɗaya da filas ɗin shayi mai zafi, ɗaya da babbar rigar sanyi. Su suka sa shi a tsakiya, hannunsa a kafaɗunsu, suna karɓa-karɓa, wasu biyu a gaba suna tattake hanya don ta yi faɗin mutum uku. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ta ci mana fiye da biyu, muka ƙarasa da hasken fitila. Ban ji wanda ya yi tsaki ba. Yawancinku ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, wasunku ranar suka fara ganinsa. Na gode, na gode, Allah ya biya ku.

Ba mu kai ga kiran masu ceto ba, amma ina so 'yan uwanmu da ke wannan yanki su san da su. North Shore Rescue 'yan sa kai ne, suna aikin nan tun 1965, dare da rana, kuma ba sa karɓar ko kwabo daga wanda suka ceto. Na san mutanenmu da tsoron kiran hukuma saboda gudun kuɗi, don Allah a cire wannan tsoron, a kira da wuri. Mai hali kuma ya taimaka musu da abin da ya sawwaƙa, don gudummawar jama'a na cikin abin da ke riƙe aikinsu.

Ina godiya ga ma'aikatan asibitin da suka karɓe mu cikin dare, da maƙwabcinmu da ya zo ya mayar da mu gida, da matan unguwa da suka cika mana firji da farfesu da tuwo har muka rasa wurin sawa. Hajiyarmu ta ce in gaya muku tana sa ku a addu'a kowace sallah, tun daga Kano. Masu son zuwa dubiya ƙofa a buɗe take, bayan la'asar ya fi, don da safe yana motsa ƙafar kamar yadda likita ya umarta. Mai shuɗiyar rigar sanyi da mai filas, kayanku suna wurina a wanke, zan kawo muku ranar Asabar in sha Allah.

Allah ya bar zumunci, ya kare mu baki ɗaya.