Gamba na shuka a fegin bayan gida

Bana na ware wa shanuna wani fegi da ya gaji da gero, na shuka masa gamba. Irin gamba ba nauyi, gashi ne da shi, iska kaɗan sai ta kwashe. Shi ya sa na cuɗa shi da yashi kafin in watsa, bayan damina ta kankama a watan Yuli. Ba a binne shi da zurfi, ƙasa kaɗan ta isa. Inda bai fito ba, na tsaga tushen tsohuwar gamba na yi dashe, kuma ni dai dashen ya fi kama mini.

Wahalar tana wajen tsaro. Shekarar farko dabba ba ta shiga sai ciyawar ta zubar da iri, don saniya da saiwa take tumɓuke ƙaramar gamba. Na kewaye da ƙaya, amma awakin maƙwabta har yanzu muna fama.