Kwana tara tsakanin hoto biyu

Jumma'ar nan zan miƙa makullin ofis, bayan shekara uku ina harhaɗa hotunan tauraron ɗan'adam don auna damshin ƙasa a gonakin kewayen Kumasi. Abu ɗaya ne har yau yake ci mini rai.

Duk wanda ya zauna a ɗakin nan ya san gajimare ne abokin gabarmu. Tauraron Sentinel-2, mai ɗaukar hoto da hasken rana, yana ratsowa duk kwana 5, amma daga Yuni zuwa Agusta sai ka yi makonni ba ka sami hoto ɗaya mai tsabta ba. Shi ya sa muke jingina da radar ta taurarin Sentinel-1, mai aika igiyar rediyo ƙasa ta auna abin da ya dawo, wadda ba ruwanta da hadari ko dare. To, da 1B, ɗaya daga taurarin Sentinel-1 biyu, ya lalace a Disamban 2021, sai aka koma jiran kwana 12 kafin a sake samun hoto. Ga Maigida ya tsaya mini a ka, lallai sai taswira ta fito kafin baƙi su iso. Na ɗauko radar ta wata safiya, na haɗa da hoton Sentinel-2 da aka ɗauka bayan kwana tara, na buga wa taswirar kwanan watan hoto na biyu. Ashe a tsakani an tafka ruwa har sau biyu. Ban duba ba.

Muka kai baƙin wata gona a hanyar Offinso, daidai inda na shafa ja a taswira, wai ƙasa ta bushe. Ina sauka daga mota takalmina ya nutse a laka har idon sawu. Baba direba ya leƙo ya ce, "Ɗana, wannan ce busasshiyar ƙasar taku?" Ga kuma bishiyoyin koko sun rufe gonar ruf. Tsawon zangon igiyar radar nan bai kai santimita 6 ba, ganye yake tararwa ya dawo, wato ko ranar ta yi daidai, rabin abin da na auna ganye ne.

Maigida ya juya wajen baƙi ya ce, "Aikin yaron nan ne." Sunansa kuwa shi ne a saman taswirar, da manyan baƙaƙe. Na haɗiye. Laifin nawa ne, ban musa ba, amma da ta yi kyau ai ba za a ji sunana ba.

Sauran shawarwarina ga wanda zai gaje ni ba su da yawa. SMAP, tauraron auna damshin ƙasa, ɗigo ɗaya a hotonsa ya kai faɗin kusan kilomita 36, kada ka yi wa gona ɗaya hukunci da shi. A tsarin UTM na raba taswirar duniya shiyya-shiyya, Gana ta faɗa cikin shiyya biyu, 30 da 31, ka duba kafin ka ɗora hoto kan hoto. Hazon hunturu ma yana ɓata launi.

Tun ranar nake rubuta kowane ruwan da ya sauka a wani ɗan littafi, kuma taswirata ba ta sake kunyata kowa a gona ba. Littafin na cikin durowa ta biyu, na bar wa wanda zai gaje ni. Takalmin dai da shi zan tafi.