Laraba: tsakanin gfortran da ifx

Bayan sallar asuba na zauna gaban kwamfuta da niyyar in gama abu ɗaya kafin azahar, wato in zaɓi kwamfailar da zan riƙa juya tsohon shirin da Malam ya damƙa mini da ita, amma har aka kira isha'i ina nan zaune. Shirin yana lissafa yadda ruwa ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, kuma Malam ya rubuta shi da harshen kwamfuta na Fortran 77 tun yana ɗalibi, a tsohon tsarin nan da ba a karanta abin da ya wuce gurbi na 72 a kowane layi, gadon zamanin kati mai huji. Aikin kwamfaila shi ne ta mayar da rubutun mutum umarnin da na'ura ke ganewa, kuma gwanintarta ce ke sa shiri ya yi sauri ko ya yi nawa.

Na fara da gfortran, wadda ke cikin tarin kwamfailoli na GCC kuma ta gaji tsohuwar kwamfailar g77. Ko sakan biyar ba a yi ba ta ƙi aikin, domin tun daga GCC 10 na shekarar 2020, idan aka kira reshen shiri (ƙaramin ɓangaren da ke yin aiki guda) da nau'in adadin da bai dace da wanda aka kira shi da shi a wani wuri ba, tana ɗaukar hakan kuskure, alhali a da gargaɗi kawai take yi ko ta yi shiru. Na sa mata umarnin -fallow-argument-mismatch, wanda ke mayar da kuskuren gargaɗi, ta wuce. Daga nan na gwada ifx ta kamfanin Intel, wadda aka gina kan LLVM, wani tushen gina kwamfailoli, ta maye gurbin tsohuwar kwamfailarsu ifort da aka daina fitarwa. A gwajin farko ifx ta yi wa gfortran fintinkau, har na fara rubuta wa Malam saƙo cewa magana ta ƙare. Allah ya sa ban tura ba, domin sai na tuna cewa kwamfailar Intel tana hawa matakin -O2 na gyara shiri domin sauri da kanta, ita kuwa gfortran ba ta gyara komai domin sauri sai an umarce ta. Ashe doki mai sirdi na gwada da wanda ke ɗaure a turke. Da na daidaita su a mataki ɗaya, tazarar ta ragu ƙwarai.

Abin da ya cinye mini yini ba saurin ba ne. Da na ɗora sakamakon kan takardun da Malam ya buga tun shekarun baya, sai na ga lambobin sun saɓa, kuma saɓanin iri biyu ne. Na farko ƙarami ne, yana can a lambobin ƙarshe bayan ɗigo, kuma na san dalilinsa: a lissafin kwamfuta, idan aka sauya jerin yadda ake tara lambobi masu ɗigo, jimlar tana iya sauyawa kaɗan, kuma ifx tana ba kanta izinin sauya wannan jeri sai an hana ta da -fp-model=precise, yayin da gfortran ba ta yi sai an ba ta -ffast-math. Na biyun kuwa babba ne, har tsayin ruwan wata rijiya ya fito da adadin da hankali ba zai ɗauka ba.

Na zargi kwamfailolin biyu kafin in zargi shirin, kuma ban kyauta musu ba. Bayan la'asar na gano wani ma'ajin adadi a cikin reshe ɗaya wanda shirin ke sa ran zai riƙe ƙimarsa daga kira zuwa kira, ba tare da an rubuta masa SAVE, umarnin da ke sa ya riƙe ƙimar, ba. Ƙa'idar Fortran 77 ba ta yi alkawarin hakan ba, sai dai yawancin kwamfailolin wancan lokaci suna ajiye irin waɗannan ma'ajai a wuri ɗaya dindindin, don haka kuskuren ya yi shekaru yana barci. Da na sa wa gfortran -fno-automatic, wanda ke sa ta ɗauki ma'ajan kamar an rubuta musu SAVE, lambobin suka koma daidai, wanda ya tabbatar mini da zargina, sai na cire umarnin na ƙara layin SAVE a inda ya kamata, domin na fi son gyaran ya zauna a cikin shirin da kansa.

Ribar sauri mafi girma ma ba daga zaɓin kwamfaila ta zo ba. Fortran yana jera jadawalin lambobi a ma'adana ginshiƙi bayan ginshiƙi, amma wani zagaye a tsakiyar shirin yana bin su layi bayan layi, yana ta tsalle a ma'adana. Na juya shi, sannan na maye gurbin reshen da Malam ya rubuta da hannu domin warware lissafin jadawali da na LAPACK, wani tarin shiryayyun rassan lissafi, na haɗa da OpenBLAS, tarin da ke yi masa ƙananan lissafin cikin sauri. Abin da ya ɗan ba ni dariya shi ne, ayarin John Backus a IBM sun fitar da Fortran a 1957 ne da burin nuna cewa kwamfaila za ta iya kusantar saurin abin da gwani ya rubuta da harshen na'ura, ga ni yau ina cire aikin hannu domin in sami sauri.

Na tsaya kan gfortran da -O2, saboda kyauta ce, tana kan kowace kwamfutar ɗakin bincikenmu, kuma lambobinta sun dace da na takardun. Ban sa -march=native, wanda ke daidaita shiri da na'urar da aka juya shi a kanta, ba, domin abin da aka juya da shi a kwamfutata yana iya ƙin tashi a tsofaffin na'urorin ɗakin. Ifx zan ajiye ta domin gwaji na biyu duk lokacin da na taɓa shirin. Na tura wa Malam bayanin layin SAVE cikin ladabi, ya amsa da cewa in kawo masa takardun gobe da ƙarfe goma, kuma in duba sauran rassan ko akwai irinsa. Rassa goma sha ɗaya suka rage ban duba ba.