Abin da majinyatan karkara suka koya mini game da waya da neman lafiya

Aikin jinya a sashen masu ciwon suga da hawan jini na wani asibitin gwamnati da ke cikin birnin Kano ya haɗa ni da mutanen da ke yin sammako daga ƙauyukan Rano, Bichi, Gaya, Sumaila da Tudun Wada domin su samu kati kafin rana ta ɗaga. A shekarun nan da wuya majinyaci ya zauna a gabana ba tare da ya riga ya ji wani bayani a waya game da ciwonsa ba, kuma sau da yawa wannan bayanin ne ya yanke ranar da zai zo asibiti da irin halin da zai zo a ciki.

Abu na farko da na fahimta shi ne, yawancinsu ba sa zama su rubuta tambaya a Google kamar yadda ɗalibin jami'a yake yi. Bayanin ne yake iske su har gida. Dattijon da ke riƙe da ƙaramar waya ba shi da data, sabis ma sai an hau tudu ko an fita bakin titi, amma yana da ɗa ko jika mai babbar waya, kuma a kasuwar garinsu akwai shagon caji inda ake tura wa mutane wa'azi da fina-finai da bidiyoyi a memori. Matar da ke cikin gida kuwa sau da yawa da wayar maigida take ji, ko ta ƙanwarta idan ta zo ziyara. Saboda haka abin da ke isa gare su murya ce da hoto: saƙon murya na WhatsApp, gajeren bidiyo na TikTok ko Facebook, cikin Hausa tsantsa, ba tare da buƙatar iya karatun boko ba. Idan na tambayi majinyaci inda ya samu labari, amsar ba ta wuce, “Malama, a waya aka turo mana.” Idan na ƙara tambayar wanda ya turo, sai in ji ɗan'uwa ne da ke sana'a a Legas, ko abokin karatun allo, ko wani da ake girmamawa a zauren dangi. Majinyacin bai san mai maganar da ke cikin bidiyon ba, amma ya san wanda ya turo, kuma amanar da ke tsakaninsu ce take bin saƙon har ta zauna masa a zuciya.

Wani dattijo ya zo mana da gyambo a ƙafa wanda ya fara wari, ɗansa yana tallafe da shi. Da na duba katinsa na ga ya daɗe bai zo karɓar magani ba, sai na ce, “Baba, me ya hana ka zuwa?” Ɗan ya ciro waya mai fasasshen gilashi, ya kunna mini bidiyon wani mutum sanye da farar riga irin ta likitoci, yana riƙe da jarka, yana rantsuwa cewa maganinsa yana raba mutum da suga har abada cikin makonni kaɗan, ga lambar waya tana yawo a ƙasan hoton. Sun sayar da akuya sun aika kuɗi, an saka musu jarkar a mota. Dattijon ya ce, “'Yata, ku kun ce sai dai in yi ta shan ƙwaya har ƙarshen rai, shi kuwa ya ce zan warke.” Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin gaskiyar da muke faɗa tana da nauyi: suga da hawan jini ba a kawar da su, sarrafa su ake yi, kuma wanda ya ajiye magani yana iya haɗuwa da shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda, makanta ko yanke ƙafa. Manomin da kuɗin mota da na gwaji da na magani suke cinye masa buhun hatsi ba wauta ce ta sa ya saurari mai alƙawarin waraka ba.

Daga nan na riƙi al'adar neman a kunna mini saƙon in saurara tare da su har ƙarshe, sannan mu bi shi dalla-dalla. Wani abu da nake yawan bayyanawa shi ne batun lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, domin masu tallan suna ɗaga ta kamar hujja ce ta waraka. Lambar da hukumar take bai wa yawancin magungunan gargajiya, wadda ke ƙarewa da harafin L, tana nuna an duba cewa maganin ba shi da illa a fili, ba ta tabbatar da cewa yana warkar da abin da aka ce yana warkarwa ba. Mutane da dama sukan yi shiru idan suka ji wannan, su sake juya kwalbar suna dubawa.

Shakkun da mutanenmu suke yi wa maganin asibiti ma yana da tarihi, kuma bai dace ma'aikacin lafiya ya yi kamar bai san shi ba. A nan Kano ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya haɗa da yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 daga cikinsu suka rasu, kuma wannan tabo yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa dakatar da rigakafin shan inna a 2003, wanda ba a dawo da shi ba sai a 2004. A wancan lokaci jita-jita da ƙafa take tafiya. Zuwa 2014, da cutar Ebola ta shigo Legas, saƙon wanka da ruwan gishiri da shansa ya karaɗe ƙasar cikin dare ɗaya ta waya, har aka rasa rayuka. Duk saƙon muryar da ke cewa allura tana hana haihuwa yana sauka ne a kan wannan tsohon tsoro.

Duk da haka, na ga alherin wayar da idona. Lokacin da mashaƙo ya yi tsanani a Kano a 2023, wata uwa ta kawo ɗanta asibiti tun ciwon bai ci ƙarfinsa ba, saboda ta ga bidiyon wata likita tana nuna farin abin da ke shimfiɗuwa a maƙogwaro da kumburin wuya, ta haska bakin yaron da tocilan ta ga irinsa. Da ba ta gani ba, da wataƙila wurin wanzami za a fara zuwa a cire beli. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya 'yan Arewa da ke ba da lokacinsu suna bayani da Hausa a kafafen nan, sai dai muryarsu ba ta kai ta masu talla yawa ba, domin mai talla da wannan yake ci.

Yanzu kafin majinyaci ya tashi, nakan roƙi ɗan rakiyarsa ya buɗe wayarsa ya naɗi muryata. Ina ambaton sunan kowane magani da launinsa, lokacin shansa, abincin da za a rage, alamun da idan an gani ba a jira gari ya waye, da ranar dawowa. Takardar da muke rubutawa da Turanci takan ƙare a aljihu ko a ƙarƙashin katifa, amma saƙon murya ana kunna shi a tsakar gida, matar da ke girki ta ji batun gishiri da dunƙule, yaran su ji, maƙwabci mai irin ciwon ma ya roƙi a tura masa. Ina kuma gaya musu cewa duk bidiyon da aka turo musu kada su goge shi, kada kuma su ajiye maganinsu saboda shi, su zo da shi ranar asibiti mu saurara tare.